Allon da ke Bangon Shagon Baba Kafinta

Duk wanda ya taɓa kai kujera gyara shagon Baba Kafinta ya san allon nan. Faffaɗan katako ne kafe a bango, an shafe shi da farin fenti, an zana surar kowane kayan aiki da baƙi: ga zarto, ga guduma babba a dama da ƙarama a hagu, ga filaya, ga cizal huɗu a jere. Kowanne yana rataye a kan zanensa. Da ƙarfe biyar na yamma ta yi, Baba zai tsaya gaban allon, hannu a baya, ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. In zane ɗaya ya zauna babu abinsa, to ba a rufe shago, ko da za a tone garin katakon da ke ƙasa da hannu.

Maƙwabcinsa mai walda, wanda kullum cikin neman gudumarsa yake, yakan ce shagon Baba ya fi asibiti tsari. In an tambayi Baba inda ya koyo wannan, sai ya ce wurin wani maigida mai tsanani, a wani gari. Ba ƙarya ya yi ba, amma gaskiyar ma bai faɗa ba. A gidan yari ya koya. A can ne ake zana kayan aiki a bango, don gandiroba ya gane da kallo ɗaya in wani ya soke cizal a wando.

Yana ɗan shekara ashirin da uku, a buge, ya rotsa wa abokinsa kwalba a fuska kan wata maganar da shi kansa ya kasa tunawa da gari ya waye. Abokin ya rasa ido ɗaya. Shi kuma ya yi shekara biyar a ciki, ya fito da sana'a a hannu da kunyar da ta fi sana'ar nauyi. Ya sake gari, ya bar giya, ya kama zuwa coci, ya yi aure. Matarsa kaɗai ya gaya wa, ita kuma ta riƙe maganar har Allah ya karɓi abarsa.

Ya rage daga shi sai 'yarsa guda, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare. Malama ba ta gajiya da yabon ubanta. A gaban kowa takan ce babanta ko kaza bai taɓa jifa ba. Duk ranar da ta faɗi haka sai ya yi sauri ya kawar da zancen. Ba tonon asiri a unguwa ya fi tsoro ba. Tsoronsa shi ne ranar da yarinyar nan za ta daina kallonsa da wannan idon.

A coci kuwa, bencin da ka zauna a kai aikinsa ne, teburin Jibin Ubangiji ma shi ya ƙera. Amma shekara talatin bai taɓa zuwa gaban teburin ba. Da an fara shirin raba gurasa da ƙoƙo sai ya miƙe ya sulale baya, wai ƙafar bencin ƙarshe tana rawa. Bencin nan dai akwai wayo, bai tashi rawa sai ranar Jibi.

Fasto ba yaro ba ne, ya lura. Wata rana ya zo shago da kujerar da ba abin da ya same ta, ya zauna a kanta ya tambaye shi. Baba ya ce shi bai cancanta ba. Fasto ya ce ai da a ce cancanta ake bi, da teburin ya zauna babu kowa, har shi mai rabawar, shi ya sa ake kiran abin alheri. Baba ya gyaɗa kai irin na wanda ya yarda da magana amma a kan wasu. Shi a ganinsa Baba Kafinta mai gyaran benci ne ikilisiya ta karɓa. Wancan mai kwalbar kuwa ba wanda ya san shi, balle a yafe masa.

Ana nan sai zumuntar mata ta fara kai ziyara gidan yarin garin, Malama ta sa sunanta. Baba ya kawo dalili ya fi goma: wurin da nisa, ga wari, ga ba wurin mata ba ne. Ta yi dariya, ta ce tun yaushe ya zama masanin gidan yari. Ya bar maganar.

Ranar Asabar ɗin da suka kai ziyarar, wajen ƙarfe huɗu, ta shigo shago da jakarta a kafaɗa. Ba ta gaishe shi yadda ta saba ba. Ta zauna a kan wata kujerar da bai gama ba, ta ƙura wa bango ido. Can ta ce an zaga da su har ɗakin koyon sana'a, kuma gandiroba ya yi musu bayanin allon da ke can.

"Har ƙaramar gudumar a hagu take, Baba."

Ya ajiye zarton da ke hannunsa. Bai juyo ba, allon ya fuskanta, ya faɗa mata duka: giyar, kwalbar, idon, shekara biyar ɗin. Bai rage ba, bai yi wa kansa ado ba. Da ya gama, ya zauna a kan tulin katako.

Ta yi kuka, ta share. Ta tambaya ko Mama ta sani. Ya ce ta sani tun kafin aure. Ta ce ba kwalbar ce ta fi yi mata ciwo ba, shekarun da ya bar ta tana yabon mutumin da bai yarda shi ne ba. Daga nan ta ɗauki jakarta ta tafi. Ranar, karo na farko, ya rufe shago bai dubi allo ba.

Kwana takwas ba ta leƙo ba, shi kuma ya kasa zuwa. Addu'arsa ta dā mai tsawo ce, mai tsari kamar allonsa. Ta wannan makon kuwa ba ta wuce ya ce wa Yesu ga shi nan, shi ne mai kwalbar. Abin mamaki, sai ya ji wannan ce ta fara isa inda ake aika ta.

Lahadin da ta biyo ranar Jibi ce. Malama ta shigo a makare, ta bar wurin mata, ta zauna kusa da shi. Da aka fara shirin rabawa, jikinsa ya miƙe da kansa don sabo. Ta riƙe bakin rigarsa.

"Bencin ƙalau yake, Baba, na duba. Na tsaya gaban fursunoni arba'in na ce musu Yesu ba ya jiran mutum ya wanke kansa kafin ya karɓe shi. In na ƙi karɓar ubana, ƙarya na je na yi."

Ya tafi gaba, tana bayansa. Ya san kowace ƙusa a teburin nan, amma bai taɓa ganinsa daga wannan gefen ba. Ya karɓa, ya ci, ya sha, ya koma ya zauna yana hawaye a gaban jama'a, bai damu da wanda ya gani ba.

Bayan sujada ya roƙi Fasto ya taya shi neman abokin nan, ko yana raye. Malama kuma ta ce allon can na gidan yari duk ya koɗe, zanen ya goge. Asabar ta gaba ya bi matan da gwangwanin baƙin fenti da buroshi. A bakin ƙofa gandiroba mai rubuta sunaye ya tambaye shi ko yau ne zuwansa na farko, don a gaya masa dokoki.

"Nan dai yau ne," in ji Baba, da muryar da duk matan suka ji. "Amma na yi shekara biyar a irinsa."

Malama ta karɓi gwangwanin daga hannunsa, ta riƙe masa har aka gama caje shi.