Dirar Da Ta Raba Ni Da Gaɗa

Lokacin ina budurwa 'yar siririya a wani ƙauye kusa da Baure, babu abin da na iya a duniya kamar gaɗa. Ƙawayena su jeru su tara hannu, in juya baya in faɗa musu, su cilla ni sama in diro a kan yatsun ƙafa, ko ƙura ba na tayarwa. Wallahi har yau in na rufe ido ina jin iskar nan a fuskata. Da shari'a ta zo aka hana wasan dandali, gaɗa ta koma cikin gida, sai ranar biki tsakanin mata. Don haka kowane biki jiransa nake kamar Sallah.

Tsokana ce ta dame ni. Sillen kara suke ce mini, wai ko zani ba ya zama a ƙuguna. Wata goggona mai zuwa sayayya kasuwar Kongolam da ke bakin iyaka ta ce in share hawayena, ta kawo mini ƙwayar ƙibar nan da ake kira sha-ka-fashe. Na sha kuwa. Ci ya buɗe, malmalar tuwo ba ta kai mini ko'ina. Kafin damina ta zagayo na cika na batse, kumatu har sheƙi suke. Masu tsokana suka koma yabo, ni kuma kai ya kumbura. Ban kula da cewa in zan tashi daga tabarma sai na dafa ƙasa ba.

Ranar kamun 'yar kawuna a Daura, da la'asar aka kafa gaɗa a tsakar gida. Aminiyata ta ja ni gefe ta ce in haƙura in yi tafi kawai, jikina ba na da ba ne. Na ji haushi, na ce mata baƙin ciki take yi. Na shiga. Da ƙyar suka tare ni, suka yi nishi suka cilla. Na diro ƙafa a sanƙare, gwiwar dama ta karkace ciki, na ji wani abu ya ce ƙas. Tafi ya tsaya, aka ɗauke ni ranga-ranga.

Mai ɗori ya yi iya yinsa, abu ya ƙi. A asibiti likita ya ce jijiyar gwiwa ce ta tsinke. Ya ce jikina ya ƙaru amma ƙarfin ƙafa bai ƙaru tare da shi ba, ƙafafun siririyar nan na ɗora wa kayan da ba su saba ɗauka ba, shi ya sa suka kasa lanƙwasawa su tare ni. Na daina shan ƙwayar, amma gwiwa ba ta dawo ba. Tun ban yi aure ba nake salla a kujera, a layin tsofaffi.

'Yan uwana 'yan mata, don Allah kada bakin mutane ya sa ku taɓa jikinku. Wadda kuma ƙiba ta zo mata da kanta, ta riƙa tafiya tana motsa ƙafa, ta bi tsalle a hankali, don ƙafa ba ta faɗa miki ta gaza sai kin diro. Masu yabon kumatuna babu wanda ya taya ni ɗingishi. Kwanan baya a wani biki 'yata ta zo da gudu tana haki, ta ce ta ji ana cewa a zamaninmu babu mai dira kamar ni, in tashi in nuna mata. Zuciyata ta tashi tsaye, na rantse har na dafa kujera. Sai na ce mata ta je wajen aminiyata ta nuna mata, ni zan yi musu tafi.