Ƙwayoyi Bakwai a Bakin Zane

A gidan mijina, cikin birnin Daura, duk abin da ya shigo sai ya fara sauka a ɗakin Inna, uwar mijin nawa. Ko rake ne, ko sabulu, ko kilishin da ɗanta ya yi tsaraba daga kasuwar Mai'adua, a gabanta ake ajiyewa, ita kuma ta kasa. Ba don son kai take yi ba. Na taɓa ganin ta raba lemo ɗaya ga mutum tara, har da mai tallar nono da ta shigo hutawa. Kullum kasonta ne mafi ƙanƙanta.

Cikina na fari yana wata biyar na fara zuwa awo. Malamar awon, wata doguwa mai faɗa, ta ja fatar idona ƙasa, ta juya tafin hannuna, ta sa aka ɗebi jini a yatsana. Ta ce jinina ya yi ƙasa, kuma haihuwa aba ce mai cin jini. Ta ba ni jajayen ƙwayoyi talatin a 'yar leda, ɗaya kullum. Ta ce in sha da ruwa, ban da shayi, ban da madara, domin suna hana maganin shiga jiki, in kuma da lemo in bi da shi. Kada in tsorata in bayan gida ya yi baƙi. Ta ƙara da cewa in ɓoye wa yara, suna ganinsu kamar alewa, kuma suna iya kashe yaro.

Da na dawo gida, ƙafafuna suka kai ni inda suka saba. Na durƙusa na gaida Inna, na ajiye ledar.

"Wannan fa?"

"Na ƙarin jini ne, Inna."

"Allah Ya yi musu albarka," in ji ta. "Yo duk gidan nan wa ke da jinin kirki?"

Ta zazzage su a kan faifai. Biyar na Malam, surukina. Biyar na wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai fama da jiri. Shida na ƙanwar mijina da ke goyo a Baure, huɗu nata. Ta turo mini goma, tana murna ta ba ni kaso mafi tsoka.

Wanda bai san al'adarmu ba zai ce me ya hana ni magana. A wurinmu mai cikin fari ba ta ambaton cikinta, balle a gaban uwar miji. Kowa na ganinsa, kowa na yi kamar bai gani ba. In ce mata maganin cikina ne, daidai yake da in tsaya tsakar gida ba ɗankwali. Na tattara goman na yi godiya. Mijina ma ban faɗa masa ba, ban so in sa shi tsakanina da uwarsa a kan ƙwaya ashirin.

Sai na yi dabarar marasa wayo, na riƙa shan ɗaya bayan kwana uku don su kai ni wata. Na kuma haɗa da tawa wautar: da shayin safe nake kora su, mai madara, saboda ƙarninsu na tayar mini da zuciya. Gargaɗin malamar yana kaina sarai, na dai ga ba wani abu ba ne.

Kafin watan ya cika, in na ɗauko bokiti daga bakin rijiya sai zuciyata ta riƙa bugawa har cikin kunne. Wata safiya ina shanya sai ga ni zaune a ƙasa, ban san lokacin da na sauka ba. Inna ce ta yayyafa mini ruwa. Ranar awo ta zo, ta yafa mayafinta ta ce za ta raka ni.

Malamar ta duba takardar gwajin, ta dube ni.

"Ya ƙara sauka. Talatin na ba ki. Nawa kika sha?"

Na sunkuyar da kai.

"Na san halinku! Ku kai gida ku zuba a kwata, wai yana sa amai, wai yana girmar da jariri. In kika zo haihuwa da wannan jinin kika ɓalle da zubar jini, da me za ki tsaya? Ku kuma Inna, ku riƙa sa mata ido. Wannan ba goro ba ne, adadinsa aka ƙirga mata, ita da abin da ke cikinta. Ko wani na son irinsa, ya zo a gwada shi tukuna."

Faɗan ya yi mini ciwo, don ban zubar da ko ɗaya ba. Amma in wanke kaina, sai in tona Inna a gaban mata cike da benci. Na shanye. Muka karɓi sabuwar leda, malamar ta maimaita zancen shayi da lemo a gaban Inna, muka hau keke napep muka iso gida. A ƙofar ɗakinta na miƙa mata ledar kamar kullum. Ta ce, "Wuce da ita ɗakinki."

Washegari da hantsi ta fita. Ba ta dawo ba sai bayan la'asar, da ƙurar hanya a ƙafafunta. Daga baya na ji inda ta je: ta shiga wurin tsohuwar maƙwabciyarmu, sannan ta hau mota har Baure wurin 'yarta. A garinmu ba a bin kyauta a karɓo, abin kunya ne da ake tuna wa mutum har jikokinsa. Matar da ta shekara arba'in hannunta na bayarwa, ita ce ta tsaya a ƙofar mutane tana cewa a dawo mata da abin da ta bayar.

Ta shigo ɗakina, abin da ba ta saba ba, ta kwance bakin zanenta. Ƙwayoyi bakwai ne. Jansu ya koɗe, biyu sun manne da juna saboda gumi.

"Abin da ya saura ke nan," in ji ta, tana kallon bango. "Ki yafe ni, yarinya. Ban sani ba."

Na ce, "Ba komai, Inna." Na so in yi kuka, kunya ta hana.

Bakwai ɗin ba su shawuwa, na jefa su a masai inda yaro ba zai kai ba, ban kuma gaya mata ba. Tun daga ranar, kowace safiya kafin a dafa shayi, sai in ji sallamarta a ƙofata, da kofin ruwa da lemo guda. Takan tsaya har sai ta ga na haɗiye. Ba ta taɓa ambaton dalilin ba, ni ma haka.

Na haihu da damina. Na zubar da jini, ba kaɗan ba, amma abin da na tara ya riƙe ni. Yarinyar yanzu tana aji uku. Inna ta rasu bara, kuma har ta bar duniya tana kasa duk abin da ya shigo gidan. Wancan lemon na safe kaɗai na taɓa ganin ta miƙa wa mutum ɗaya sukutum, yara na kallonta, ba ta ɓare musu ko ɓari ba.