Ranar Da Inna Ta Kira Sunana

A lokacin ni nas ce a wani asibiti, ina zaune a garin Laurel da ke jihar Maryland ta Amurka, ba ni da zance sai na aiki. Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba saboda kunya. Ta zo daga Zariya yi mini wankan jego, ta shafe wata biyar a ɗaki tana raino, ba ta san komai na Amurka ba sai abin da take hangowa ta taga. Saura kwana uku ta koma abin ya dame ni. Na ɗauki hutun yini guda, na bar wa maigida jaririyar, na kai ta wani tsibiri a gaɓar tekun Maryland inda dawakai ke yawo ba mai su.

Tun a hanya aka fara yayyafi, muka tarar da wurin tsit, ba kowa. Ni ina ta mita ruwa ya ɓata mana yini, ita kuwa tana leƙen dawakan tana dariya, wai ko ɓarayin ƙasar nan ba su da labari ne. Muka ci dambun nama a cikin mota. Can sai ta kama hannuna, ta kira ni da sunana ƙarara, ta ce mu taka zuwa bakin ruwa, tana da magana. Shekarata talatin da huɗu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Maimakon gabana ya faɗi, sai na tuntsire da dariya na ce Amurka ta lalata mana Inna. Na ce sanyi zai kama ta, ga cunkoso a hanya, ga aiki gobe, mu bari sai mun je gida. Ta saki hannuna a hankali, ta ce ba komai.

Da muka koma ban tambaya ba, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba. Wata biyu da komawarta Allah ya yi mata rasuwa. Bayan rasuwar ne ƙanwarta ta gaya mini cewa tun kafin Inna ta taso likita ya shaida mata ciwon daji ya ci ƙarfinta, ta hana a faɗa mini don ina da ciki. Ina nas, wata biyar muna gida ɗaya, ban lura ba. Wannan baƙin cikin da shi zan mutu.

Na gane iyayenmu ba sa roƙo sau biyu. 'Yan'uwana da ke nan kuna tseren aiki, ranar da tsohuwarku ta ce tana da magana, ku kashe mota ku saurare ta. Ni har yau ban san abin da Inna ta so gaya mini ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.