Shafi Biyun da Na Rubuta a Kan Kawuna

Edita, ina roƙon fili in sauke wani nauyi da ya daɗe a ƙirjina, kuma don Allah a sakaya sunana. Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da bakwai, ina koyarwa a wata firamare a Talata Mafara, kuma ina cikin wata ƙungiyar marubuta ta yankinmu, mu goma sha huɗu, wasu a nan Mafara, wasu a Bakura, wasu a Maradun. Yawancin hulɗarmu a waya ce, sai ƙarshen wata mu haɗu a wani aji ranar Asabar. In faɗi gaskiya, ni ce mai bakin ƙungiyar. Littafi ɗaya tak na taɓa gamawa, shi ma siriri, amma babu wanda zai kawo labari ban tsefe shi ba. Wannan in ce fim ya juye, wancan in ce soyayyar ɗan mai kuɗi da ɗiyar talaka ta ishe mu haka nan. Ana dariya, kaina yana ƙara kumbura, ban san ana tara mini ba ne.

Rannan shugabarmu ta kawo shawarar mu ɗaure wa kanmu wata guda, kowa ya rubuta littafi cikakke, kullum ya tura abin da ya rubuta a zaurenmu na waya, wanda ya tsallake kwana uku a jere ya fita. Aka ba da sati uku na shiri, da sharaɗin kafin ranar farawa kowa zai tura tsarin labarinsa da ɗanɗano na shafi biyu. Nan fa wuri ya ɗau zafi. Wani ya sayo batirin cajin waya, wata ta ce ta riga ta gaya wa maigidanta tuwo zai riƙa makara har wata ya ƙare, in ya ga dama ya yi haƙuri. Sai wata marubuciya daga Bakura, wadda na fi kowa yi wa tsiya, ta juyo ta ce ita ba abin da take jira sai labarin malamar gyara, tunda dai kowa nasa kwafe ne. Aka kwashe da dariya. Maimakon in yi shiru, sai na bugi ƙirji na ce zan kawo labarin da kunnensu bai taɓa ji ba, in ban kawo ba su daina kirana marubuciya.

Baki shi ke yanka wuya. Sati biyu suka wuce ban da ko layi ɗaya. Duk abin da na fara, kafin in kai rabin shafi sai in ga irin wanda nake zagi ne, in yage. Abinci ya daina shiga, na koma huce haushina a kan yaran ajina, har wata rana na tsawata wa wata yarinya don kawai ta yi tari. Kullum in na buɗe waya sai in tarar wani ya tura nasa ana yi masa sambarka, marubuciyar Bakura kuma ba ta fasa tambaya cikin ladabi na gangan ko malama tana nan lafiya. Da ya rage kwana huɗu na kai inda nake jin gara in yi ciwo a kwantar da ni da in shiga taron nan hannu rabbana. A cikin wannan halin ne kawuna ya faɗo mini a rai.

Kawun nan wan mahaifiyata ne, a Maradun yake, yana sayar da irin gyaɗa a kasuwa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, shi ya tsaya na yi karatu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Inna. Duk garin Alhaji ake ce masa, kuma in mutum zai tafi aikin hajji sai ya biyo ya yi masa addu'a. Shekara guda kafin wannan lokacin ya yi wata jinya a asibiti a nan Mafara, ni ke zama da shi. Wata la'asar da jikin ya tsananta har ya fitar da rai, ya kama hannuna ya ce akwai maganar da ya kasa gaya wa uwarsa har ta bar duniya, zai gaya wa mai sunanta. Ya ce shi bai taɓa ganin Ka'aba ba. Yana matashi sabon aure ya tafi ta ƙasa, ya kai bakin teku a Sudan, zazzaɓi ya kayar da shi wata bakwai, abokan tafiyarsa suka haye ba su sake dawowa ba. Ciwon ne ya bar masa ɗingishin da yake yi. Da ya tashi ya yi dako har ya sami na komowa, bayan shekara biyu. Ya ce ya shigo gari da niyyar faɗin gaskiya, sai ya tarar uwarsa ta sa an yanka sa ɗaya tilo da take da shi, tana kuka tana cewa Allah ya nuna mata ɗanta Alhaji. Sai ya ce a ransa bari sai gobe. Goben nan ta kai shekara arba'in da wani abu. Ya roƙe ni in riƙe, ko matarsa ba ta sani ba. Allah kuma ya tashi kafaɗunsa, ya koma gida, ba mu ƙara tada maganar ba.

Wallahi na san amana ce. Na faɗa wa kaina haka har sau nawa, sannan na ɗauko biro. Hujjar da na ba zuciyata ita ce zan canza suna da gari, wa zai gane? Na canza su kuwa, amma na bar ɗingishin, na bar irin gyaɗa, na bar san da aka yanka, don su ne daɗin labarin. Da na karanta sai na ga mutumin ya cika ban tausayi, ni kuma mugu nake so, wanda zai sa mai karatu ya ƙagu ya ga ƙarshensa. Sai na ƙara gishiri. Na rubuta cewa lafiyarsa ƙalau ya isa bakin teku, ya ƙarar da guzurinsa a wurin mata da caca, har ya ajiye wata a can, sannan ya dawo yana yi wa mutanen garinsu dariya a zuci duk lokacin da suka kira shi Alhaji. Na tura. Kafin azahar zaure ya kama da wuta. Shugabarmu ta ce wannan shi ne rubutu, marubuciyar Bakura ma ta ce ta sara mini, na cika alkawari. Kwana biyu na yi ina tafiya kamar ƙasa ba za ta ɗauke ni ba.

Abin da na manta, ko na ƙi tunawa, shi ne al'adarmu ta taya juna talla. In ɗanɗanon wani ya yi daɗi, sai kowa ya tura shi zaurukan masu karatu don a jira littafin. Marubuciyar Bakura ta fi kowa yi mini wannan alherin. Wani kuma ya karanta shi da murya, don waɗanda ba su iya karatu ba su saurara. Ana gobe za mu fara rubutu ɗiyar kawu ta kira ni, ta tambaye ni me na rubuta. Ta ce a wani gidan suna a Maradun aka kunna, mata cike da tsakar gida, kafin a kai ƙarshe wata tsohuwa ta ce ai wannan wane ne, ita ma ta ci naman san nan. Na goge nawa, na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, na hau babur har Bakura na durƙusa a gaban matar da na sha wulaƙantawa. Ba ta rama ba. Ta goge a gabana, ta ba ni ruwa, ta ce amma in sani magana zarar bunu ce, ita kanta ba ta san hannu nawa ya shiga ba. Cikin ruɗewa na sake tura sanarwa cewa labarin ƙirƙira ne bai shafi kowa ba. Wannan ya ƙara dagula komai, aka ce in ƙirƙira ce me ya firgita ta.

Ranar da 'yan uwana marubuta suka tura shafinsu na farko, ni ina cikin mota zuwa Maradun, ina roƙon Allah ya sa maganar ba ta kai kunnen kawu ba. Ranar kasuwa ce. Na biya ta rumfarsa na tarar da ita a rufe, maƙwabtansa da suka saba tsokanata suka amsa gaisuwata suna kallon buhunansu. A gida matar kawu tana bakin murhu. Wannan matar tana amarya ya tafi, shekara biyu ta zauna jiransa a ɗakin uwarsa. Na gaishe ta sau uku ba ta ɗago ba. Da ta buɗe baki ba zagina ta yi ba, tambayata ta yi ko matar da ya ajiye a Sudan ta haifa masa 'ya'ya. Na rantse mata da Allah babu wata mata, ni na ƙirƙiro. Ta ce to hajjin ma ni na ƙirƙiro? Wannan karon ban rantse ba. Ta ce ta ji amsa, ta ci gaba da hura wutarta.

Kawu yana zaune a ɗakinsa a kan buzu. Ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa kamar kullum, ya tambayi hanya, ya tambayi makaranta da yara. Sannan ya ce an kunna masa da muryar wani, yana so ya ji da tawa. Na roƙe shi ya dake ni maimakon haka, ya ce karatu kawai ya nema. Na karanta shafi biyun nan ina kuka, shi kuwa ko motsi bai yi ba. Da na gama ya ce jiya bayan azahar ya miƙe a masallaci ya faɗa wa jama'a gaskiya, ya roƙi gafararsu, ya ce a daina kiransa Alhaji. Ya ce wannan kayansa ne, ya daɗe yana ɗauke da shi, wataƙila ma Allah ne ya sa na sauke masa kafin ya shiga kabari. Amma matan nan da caca, a ina na gan su? Ya ce ya rantse a masallaci cewa wannan ɓangaren ƙarya ne, ya kuma ga fuskokin mutane, babu wanda ya yarda, bai kuma ga laifinsu ba, don wanda ya ɓoye magana shekara arba'in rantsuwarsa ba ta da nauyi. Sai ya tambaye ni, tunda ni ce na yi boko, ta yaya ake cire ƙaryar a bar gaskiyar. Da gaske yake tambaya, yana jiran amsa.

Kwana tara na yi a Maradun ina bin gidaje ina bayani. Duk inda na ce rabi gaskiya ne rabi ƙari, sai a ce dole in faɗi haka tunda kawuna ne. Watan gasar ya zo ya wuce ban rubuta harafi ba, mutum tara suka gama littattafansu, ni na fice daga zauren ba sallama. Kawu ya ce ya yafe mini, kuma na san har zuciyarsa ne, amma yafiyarsa ba ta mayar masa da komai ba. Ya koma sahun baya a masallaci, maniyyata sun daina biyowa, matarsa tana ba shi abinci ba ta zama a ci tare. Shekara biyu ke nan. Kwanan baya a motar Maradun na ji wata mata tana ba ta kusa da ita labarin, har ta ce 'ya'yansa uku a Sudan. Na kasa daurewa na ce mata ba haka ba ne. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ni yarinya ce ban san komai ba, ita daga bakin danginsa ta ji, ɗiyar ƙanwarsa ce ma ta rubuta.

Abin da na koya ya zo mini a makare, shi ya sa nake so ya riski wasu da wuri, musamman 'yan uwana marubuta masu shirin irin wannan gasa. In ranar ta matso ba ku da labari, ku ce ba ku da shi. Kunyar yini ɗaya ce, za a yi muku dariya a manta. Canza suna ba ya ɓoye mutum a garin da aka san tafiyar kowa, kuma abin da aka gaya muku a bakin gadon jinya ba naku ba ne ko da ya fi kowane labari daɗi. Mafi muni shi ne ku haɗa gaskiyar mutum da ƙaryarku a shafi ɗaya, don gaskiyar ce za ta tsaya wa ƙaryar shaida, ku da kuka rubuta ma ba za a saurare ku ba. Ni na ji tsoron dariyar mutum goma sha uku, na jawo wa dattijon da ya raine ni abin da zai bi shi har bayan ransa. Wanda ya karanta wannan ya sa kawuna a addu'a, Allah ya wanke shi a idon mutane, don ni na gwada na kasa.