Ƙofar da Ba Ta da Sakata

Ina buga tafireta aka kwaso ma'aikatarmu daga Legas zuwa Abuja, aka zube mu a wani bene da ko fenti bai gama bushewa ba. Ni kaɗai ce mace a hawanmu. Banɗaki ɗaya ne, kuma ƙofarsa ba sakata. In na shiga sai in tsuguna hannuna tokare da ƙofa, kunnena na kan takun maza a baranda. Wa zai iya wani abu a haka, don Allah? Sai na koyi riƙewa har in koma gida. Tun daga nan cikina ya ɗaure.

Na yi shekaru ina fama, har na yi ritaya. Sai sati ya zagayo ban yi bayan gida ba, in kasa zaune in kasa tsaye, in yi ta zagaye falo ina masifa da yara ba laifin komai. Kowa ya ce basir ne. Wani Bakatsine mai magani a kasuwar Gudu ya ɗura mini jiƙe-jiƙe masu ɗacin tsiya. Gwanda kuwa na ci har na tsani warinta. Maigidana kullum, "Ke dai ba kya shan ruwa." Haba! Ni da ko biki ba na zuwa sai da gora a jaka?

Da abin ya ƙi, wani likita ya fara maganar a yanke wani sashe na hanjina. Yayata ɗakin tiyata ta shiga da ƙafarta, ba ta fito ba. Na daina cin abincin kirki, ko carbi na ɗauka sai in rasa inda na tsaya.

Kafin a sa rana, aka tura ni wajen wata likita, sa'ar 'yata, ta auna ƙarfin naman dubura. Kunya kamar in nutse. Ta kwantar da ni a gefen hagu, ta saka mini wata siririyar roba a dubura, bakin da ya shiga da ɗan balan-balan, ɗaya bakin a jone da kwamfuta.

"Mama, matse. Yawwa, saki. Yanzu yi yunƙuri kamar kina banɗaki."

Na yi. Ta ce in sake. Sai ta juyo mini da fuskar kwamfutar, ta nuna wani layi.

"Nan ya kamata ya sauka in kin yunƙura, naki hawa yake. Kina turawa, kina kuma rufe ƙofa. Ban ga dalilin taɓa hanjinki ba tukuna. Naman nan za mu koya wa saki."

"Ba wuƙa ke nan?"

"Ba wuƙa, Mama."

Na fashe da kuka a kwance, zani a yaye, ban ma damu ba.

Da na koma gida na shiga banɗakina, na danna sakata, mai ƙarfi ce, ni na saye ta da kaina. Gidan ba kowa. Na zauna, na ja numfashi yadda ta koya mini. Sai na ga hannuna na dama, a miƙe, tokare da ƙofa.