Murfin Tukunyar Kuwabara

A unguwarmu ta gabashin Osaka babu mai ladabin Kuwabara Tetsuji. Ko kare ne ya tare masa hanya, sai ya rusuna ya ba shi haƙuri. Shekara talatin da ɗaya yana ƙera murafen tukwane a wata 'yar masana'anta. Ran Lahadi da rana kuma yakan buga ganguna a ƙungiyar rok mai zafi, irin kiɗan da kunne ke yin kwana biyu bai dawo daidai ba.

Salonsa ba shi da wuyar bayani. Sauran makaɗa da wuyan hannu suke kiɗa, shi kuwa daga kafaɗa yake saukowa, kamar mai faskare. Ba gaggawa, ba ado, ba kuskure. Sai dai a gidajen kiɗan garin, makaɗi ba ya zuwa da nasa, kan gangunan gidan yake hawa, kuma faifan tagullar da ake dokawa a ƙarshen baiti ba a yi shi don mai faskare ba. Kuwabara ya tsaga na gidaje shida. Kowane karo yakan koma washegari da kwalin alewar wake, ya rusuna. A karɓi alewar, a rusuna masa, a hana shi dawowa.

Saura gida ɗaya, na tsohuwa Horiuchi, inda ya riga ya tsaga biyu.

"Tetsu ɗana, alewarka ta ƙarar min da haƙora," ta ce. "Ka sake tsaga min faifai, sai ka koma kiɗa a bahon wankanka."

Nonaka, mawaƙinsu, ya ce, "Kai ma ka sassauta mana, tsoho. Faifan nan babarka ya zaga?"

"Na gwada," in ji Kuwabara. "Hannun ne ba ya jin magana."

Da hannu ya ƙi gyaruwa, sai ya koma kan faifan. Ya nemi izinin maigidansa, ya riƙa ƙera nasa a lokacin abincin rana. Goma suka tsage a gwaji. Na sha ɗaya ya yi kaurin yatsa, ya goya shi ya hau jirgin ƙasa, yana ba fasinjoji haƙuri.

Ran Lahadi ya cire faifan gida, ya naɗe shi a tawul, ya ɗaura nasa. Da baiti ya ƙare ya sauke kafaɗa. Aka ji kamar kicin ɗin otal ya rufta. Nonaka ya manta waƙarsa. Kuwabara bai ɗaga kai ba har suka gama waƙa tara.

Tsohuwa ta zo ta shafa ƙarfen. Ko kwarzane babu.

"Abin nan muryarsa ba daɗi."

"Haka ne, Iya. Ki gafarce ni."

"Lahadi mai zuwa, ƙarfe uku. Kar ka kawo min alewa."

Ya kawo. Bai san yadda ake shiga gidan mutane hannu rabbana ba.