Kawu Isiyaku da Dajin Beyar

Duk wanda ya zauna unguwarmu ta Arba wa Nus ya san kafin ka ga Kawu Isiyaku, ƙararrawarsa kake fara ji. Ya ɗaure ta a sanda, wai haka ake yi a dajin Alaska don kada mutum ya yi kiciɓis da beyar, ƙatuwar dabbar nan da Larabawa ke kira dubbu. Mata sukan leƙo ta taga suna tsammanin mai sayar da gas ne ke buga tukunyarsa. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Ma'alish ya madam, a yi haƙuri, atisaye nake."

Ni 'yar ƙanwarsa ce, ni na sha wahalar atisayen nan. Ɗansa Bashir ne ya jawo mana. Da aka kwashe shi zuwa Alaska cikin 'yan gudun hijira, ya samu aiki a kamfanin kifi, sai ya ce wa tsoho zai ɗauke shi ya kai shi gandun dajin da beyar ke kamun kifi a gindin duwatsu masu aman wuta. Shi ke nan fa.

Ran nan a kasuwar Ataba wata ƙaramar bas ta taso mana, na ja hannunsa, ya ƙi motsi. Direba ya taka birki yana surfa ashar.

Na ce, "Kawu, so kake ka kashe mu?"

Ya ce, "Ke Hadiza, ba a gudu. Da kin gudu kin zama abinci."

Haka ya tare wani ɗalibi Bakano bayan sallar Juma'a, wai ko ana taimama da tokar dutse mai aman wuta. Bawan Allah ya yi ta jawo littattafai har gumi ya karyo masa. Kawu ya ce, "Khalas, bar shi. Zan tafi da ƙasata a leda." Kuma wallahi ya ɗiba.

Abin dariya ne, amma ni haushi yake ba ni. Duk shekara Bashir sai ya ce baɗi. Baɗi ta zo, wai aiki ya yi yawa. Tsoho kuwa ya ƙi komawa Sudan wajen 'yan'uwa, kada a zo ɗaukarsa ba ya nan.

Da ciwo ya kwantar da shi, Bashir ya kira, na ji Kawu yana tambaya ko beyar sun fito daga barcin hunturu. Da ya ajiye waya na kasa haƙuri.

Na ce, "Kawu, kana wannan hali, zancen dabba kake?"

Ya ce, "Hadiza, me zan yi da beyar? Ni da ko kare tsoro nake. In na ce masa ina kewarsa, sai ya ce ana kiransa wajen aiki. In na tambayi beyar kuwa, sai ya yi ta zuba, ni kuma ina jin muryarsa."

Ranar sadakar uku Bashir ya bugo yana kuka, wai ai bana yake shirin ɗaukarsa. Sai na miƙa wa wani wayar. Har yau ban huce ba, ba zan ɓoye muku ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya saukar da shi inda ba a sa tsoho jira.